Noma da hasken fitila: Ko zai amfani manoman kwarin Hadejia?

A 'yan shekarun nan hotunan gonakin cikin ɗaki, inda ake jera fitilu masu launin ja da shuɗi a kan latas ko tumatir, sun zama ruwan dare a wayoyin matasa, har wasu na ɗaukarsu a matsayin makomar aikin gona baki ɗaya.

A ƙaramar hukumar Kaugama da sauran sassan masarautar Hadejia a jihar Jigawa, akasarin jama'a sun dogara ne da gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo a lokacin damina, sannan shinkafa da alkama da kayan lambu a fadamu da rani. Tambayar da ke gaban mai son zuba jari a irin wannan yanki ita ce, shin wannan fasaha tana da abin da za ta tsinana masa, ko kuwa hanya ce ta salwantar da dukiya?

Kafin a amsa wannan tambaya, wajibi ne a san abin da tsiro ke yi da haske, da dalilin da ya sa wasu ƙasashe ke kashe maƙudan kuɗi wajen samar da shi, da kuma yadda ake zaɓar wurin da za a rataye fitilar.

Aiki biyu na haske

Haske yana yi wa tsiro aiki iri biyu, kuma yawancin ruɗanin da ake samu yana faruwa ne saboda cuɗanya su.

Na farko shi ne abinci. Koren sinadarin da ke cikin ganye yana kama haske, musamman ja da shuɗi, ya yi amfani da ƙarfinsa wajen haɗa ruwa da iskar kabon su zama sukari. Da wannan sukari ne tsiro ke gina kara da saiwa da ƙwaya. Wannan aiki yana buƙatar haske mai ƙarfin gaske na tsawon sa'o'i masu yawa.

Na biyu kuwa shi ne sanin lokaci. Tsirrai da dama suna auna tsawon yini da na dare, kuma da wannan ma'auni suke gane ranar da za su daina fitar da ganye su koma yin fure. A nan ɗan haske kaɗan ma ya isa ya sauya lissafi.

Wasu masana biyu na ma'aikatar aikin gona ta Amurka, Wightman Garner da Harry Allard, su ne suka bayyana wannan al'amari a shekarar 1920. Sun lura cewa wani irin taba da ake kira Maryland Mammoth yana ta tsawo a gona ba tare da ya yi fure ba, har sanyi ya zo ya kashe shi. Da suka riƙa shigar da shi ɗaki mai duhu tun kafin rana ta faɗi, wato suka rage masa tsawon yini, sai ya yi fure.

A shekarar 1938 wasu masanan, Karl Hamner da James Bonner, suka gano cewa abin da irin waɗannan tsirrai ke aunawa a haƙiƙa shi ne tsawon duhun dare wanda ba a katse ba. Idan aka haska su na ɗan lokaci a tsakiyar dare, sai su ɗauka cewa dare bai kai tsawon da suke jira ba, su ƙi yin fure.

Agogon dawa da maiwa

Kaugama tana kusan digiri 12 da rabi ne a arewa da layin da ya raba duniya gida biyu. A wannan wuri yini mafi tsawo, a watan Yuni, yana ɗaukar kimanin sa'o'i 12 da minti 50, mafi gajarta kuma, a watan Disamba, kimanin sa'o'i 11 da minti 20. Bambancin bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba a duk shekara.

Duk da ƙanƙantar wannan bambanci, tsoffin irin shuka na ƙasar Hausa suna jin sa. Manomi ya san cewa ko ya shuka farafara ko kaura da wuri, ko ya makara da makonni biyu ko uku, dawar za ta fitar da kai ne kusan lokaci guda, dab da ɗaukewar ruwa. Haka maiwa take, saɓanin gero wanda ke ƙirga kwanakinsa ya nuna da wuri. Haka ma waken kanannado, wanda ke ta yaɗo har sai dare ya fara tsawo sannan ya yi fure.

Wani bincike da masani D. L. Curtis ya wallafa a shekarar 1968 a kan dawar Najeriya ya nuna cewa irin dawar kowane yanki yana fitar da kai ne daidai da lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a wannan yanki. Hikimar a bayyane take. Idan ƙwaya ta nuna cikin marka, fumfuna da ƙwari za su lalata ta. Idan kuma ta makara har ƙasa ta bushe, ba za ta cika ba. Zaɓen iri da kakanni suka yi shekara da shekaru shi ya daidaita wannan agogo.

Zoɓo ma, wanda jihar Jigawa ke sahun gaba wajen nomansa kuma ake hada-hadarsa a kasuwar Maigatari don fitarwa ƙasashen waje, yana cikin tsirran da ba sa yin fure sai yini ya fara gajarta. Wannan ne dalilin da ya sa girbinsa ke zuwa bayan an kammala da gero.

Sai dai wannan baiwa tana da nata cikas. Irin da ke jiran tsawon dare ba ya gaggawa idan damina ta zo gajera, kuma idan aka kai shi wani yanki mai nisa ko aka shuka shi da rani, lissafinsa yakan rikice. Saboda haka ne cibiyoyin bincike irin su cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, da reshen cibiyar IITA da ke Kano, da cibiyar ICRISAT mai ofisoshi a Kano da Sadore kusa da Yamai, suka daɗe suna fitar da irin da bai damu da tsawon yini ba, wanda ke nuna cikin ƙayyadaddun kwanaki. Waken da ke nuna cikin kimanin kwanaki 60 zuwa 70, wanda ake iya shukawa har a noman rani, yana daga cikin sakamakon wannan aiki.

Alkama da albasa

A watan Janairun 2023 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Hadejia da aka faɗaɗa a Auyo, sannan a watan Nuwamban wannan shekara gwamnatin tarayya ta zaɓi yankin Hadejia wajen ƙaddamar da shirinta na noman alkama na ƙasa.

Asalin alkama shuka ce da ke son dogon yini kafin ta fitar da kai, kamar yadda ake samu a Turai da bazara. Abin da ya sa ake iya nomanta a Jigawa cikin hunturu, lokacin da yini ya fi gajarta, yana da nasaba da aikin Norman Borlaug a ƙasar Meziko. Ya riƙa shuka irinsa sau biyu a shekara a wurare biyu masu bambancin yanayi da tsawon yini, lamarin da ya sa irin da ya tsira daga wannan zaɓe ya kasance wanda bai damu da tsawon yini ba. An ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a shekarar 1970.

Don haka abin da ke takura wa alkama a kwarin Hadejia shi ne zafi. Masana na ba da shawarar a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, domin ƙwaya ta cika kafin zafin watan Maris ya sauko. Babu fitilar da za ta yi maganin makara a shuka.

Albasa kuwa tana ba da darasi ta wata fuskar. Tsawon yini ne ke sa ta ta daina lawashi ta fara yin kai. Irin albasar arewacin Turai yana jiran yini mai sa'o'i 14 zuwa 16, wanda ba a taɓa samunsa a Najeriya, saboda haka duk wanda ya sayi irin wannan iri zai tashi da lawashi kawai. Irin da ya dace da ƙasar Hausa, kamar albasar Galmi ta jamhuriyar Nijar, yana yin kai ne a gajeren yini.

Inda ake rataye fitila

Ƙasar Holan tana da gidajen gilashi na noma da suka mamaye kimanin hekta dubu 10. A watan Disamba yini a ƙasar bai kai sa'o'i takwas ba, ranar ma tana can ƙasa-ƙasa, galibi a bayan gajimare. Manoman tumatir na ƙasar suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi, cewa ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari na haske yana kawo ƙarin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na amfani. A irin wannan hali fitila tana cike giɓi ne na zahiri.

Wurin da ake sanya fitilar yana da muhimmanci kamar ƙarfinta, saboda dalilai na kimiyya da kowa zai iya gwadawa da tocila. Haske yana raguwa da sauri yayin da yake nisa da tushensa. Idan aka ninka tazarar da ke tsakanin ƙwan fitila guda da ganye sau biyu, hasken da ke sauka a kan ganyen yakan koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Idan kuma aka matso da ita ƙwarai, hasken zai taru a wuri ɗaya, gefe ya rasa, zafi kuma ya ƙona ganye.

Tsofaffin fitilun sodiyum masu hasken ruwan lemo, waɗanda aka shafe shekaru ana amfani da su a gidajen gilashi, suna fitar da zafi mai yawa, don haka dole a rataye su can sama kusa da rufi. Matsalar wannan tsari ita ce inuwa. Tumatir da kokwamba na gidan gilashi ana ɗaure su ne da igiya su yi tsawon da ya zarce na mutum, ganyen sama ya tare hasken, na ƙasa ya zauna a duhu yana cin abincin da bai taya samarwa ba.

Zuwan fitilun LED ya sauya wannan lissafi. Wasu masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun samu lambar yabo ta Nobel a shekarar 2014 saboda ƙirƙiro nau'in LED mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990. Da yake waɗannan fitilu ba sa jefa zafi mai yawa a kan ganye, sai ya yiwu a shimfiɗa su kamar sanduna a tsakanin layukan tumatir, su haska ganyen tsakiya da na ƙasa daga gefe. Kazalika ya yiwu a jera tiren latas hawa-hawa, kowane hawa da fitilarsa a kusa da shi. A watan Agustan 2015 'yan sama-jannati a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa suka ci latas da aka noma da irin wannan haske.

Idan kuma manufar ita ce ruɗar agogon tsiro, to ba a buƙatar fitila mai ƙarfi. A yankin Binh Thuan na ƙasar Biyetnam, manoma na rataye ƙananan ƙwayayen fitila a tsakanin layukan wani ɗan itace mai kama da ƙerana, su kunna da dare domin ya yi fure a lokacin da ba nasa ba, su sayar da tsada. A gundumar Aichi ta Japan kuwa ana kunna wa furanni fitila da dare ne domin a jinkirta furensu zuwa lokacin da kasuwa ke bukata.

Tabar wiwi da kasuwar fitilu

Babu yadda za a yi a ba da tarihin wannan fasaha ba tare da an ambaci tabar wiwi ba. Tun daga shekarun 1970 da 1980, matsin lambar jami'an tsaro a Amurka da Holan ya sa masu nomanta suka koma cikin ɗakuna da gidajen ƙasa. Da yake ita ma shuka ce da ke jiran dogon dare kafin ta yi fure, noman cikin ɗaki ya ba su damar sarrafa lokacinta. Bayan da ƙasar Yurugwai ta halatta ta a shekarar 2013, Kanada kuma a watan Oktoban 2018, tare da jihohin Amurka da dama, kamfanonin da ke da lasisi sun zama manyan masu sayen fitilun noma.

Wannan sana'a ta nuna tsadar maye gurbin rana. Wani bincike da masani Evan Mills ya wallafa a shekarar 2012 ya ƙiyasta cewa noman wiwi a cikin ɗaki yana cinye kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na dukkan wutar lantarkin Amurka. Wani binciken na jami'ar jihar Kolorado a shekarar 2021 ya nuna cewa samar da kilo ɗaya na busasshiyar tabar a cikin ɗaki yana haddasa fitar da iskar kabon da ta kai tsakanin kilo 2,283 da 5,184, gwargwadon garin da aka noma ta. Fitilu kaɗai ba su ne ke cin wutar ba, har da na'urorin sanyaya ɗaki da na tsotse raɓa.

Akwai kuma illa ga lafiyar al'umma. Noman cikin ɗaki da zaɓen iri sun taimaka wajen ƙara ƙarfin sinadarin THC, wanda shi ne ke bugarwa. A samfuran da hukumomin Amurka suka kama, matsakaicin adadinsa ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a shekarar 1995 zuwa kimanin kashi 12 cikin ɗari a shekarar 2014. Wani bincike da aka gudanar a wurare 11 a Turai da Barazil, wanda aka wallafa a shekarar 2019, ya gano cewa masu shan mai ƙarfin a kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin kamuwa da taɓin hankali kusan sau biyar.

Matsayin doka a Najeriya

A Najeriya shuka wiwi babban laifi ne, ko a daji ko a cikin ɗaki. Dokar soja ta shekarar 1966 ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekaru 21 ga mai nomanta, yayin da dokar da ta kafa hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a shekarar 1989 ta tanadi ɗaurin da ka iya kaiwa rai da rai.

Wani bincike da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon shekarar 2019, ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a ƙasar. Akasarin wadda ake nomawa a cikin gida tana fitowa ne daga dazuzzukan jihohin Ondo da Edo da Delta da Osun da Ekiti, inda ake nomanta a fili. Sai dai a 'yan shekarun nan hukumar NDLEA ta sha ba da sanarwar kama wata mai ƙarfi da ake kira Canadian Loud a tashoshin jiragen ruwa da na sama a Legas.

Marigayi gwamnan jihar Ondo Rotimi Akeredolu ya yi kira tun a shekarar 2019 da a halatta nomanta domin haɗa magunguna, kamar yadda ƙasar Lesotho ta yi a 2017, Maroko kuma a 2021. Shugaban hukumar NDLEA Janar Buba Marwa mai ritaya ya sha bayyana adawarsa da halatta ta. A watan Disamban 2020, lokacin da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta kaɗa ƙuri'ar cire wiwi daga rukunin ƙwayoyi mafiya haɗari, Najeriya na cikin ƙasashe 25 da suka ƙi amincewa, yayin da 27 suka amince.

Lissafin kuɗin wuta

Idan aka dawo kan halattattun amfanin gona, babban abin dubawa shi ne kuɗi. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya ta ƙara farashin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga rukunin masu samun wuta aƙalla sa'o'i 20 a rana.

A misali, idan aka ɗauka cewa kowace murabba'in mita na buƙatar fitila mai cin wat 100, to hekta ɗaya za ta buƙaci kilowat dubu ɗaya. Kunna su na sa'o'i 10 zai ci yunit dubu 10, wato naira miliyan biyu da dubu ɗari biyu da hamsin a rana ɗaya bisa wancan farashi. Wannan kuwa ban da kuɗin sayen fitilun, kuma bisa zaton cewa wutar na zuwa ba yankewa, abin da ƙauyuka da dama ba su sani ba. Mai dogaro da janareto zai biya fiye da haka, musamman tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Hatta a ƙasashe masu arziki lissafin ya sha ƙin fita. Bayan da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin makamashi a shekarar 2022, manoman Holan da dama sun kashe fitilunsu a lokacin sanyi, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa manyan kantunan Birtaniya suka taƙaita sayar da tumatir a watan Fabrairun 2023. Kamfanin AeroFarms na Amurka, wanda ya yi suna wajen noma hawa-hawa a cikin ɗaki, ya nemi kariyar kotu saboda bashi a shekarar 2023, kamfanin Bowery ya rufe a 2024, kamfanin Plenty shi ma ya nemi kariyar kotu a 2025.

A Kaugama kuwa, rana tana zubo wa kowace murabba'in mita makamashin da ya haura yunit biyar a matsakaicin yini, kyauta. Masu iya magana na cewa, idan rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta. Matsalar mai lambu a nan ita ce yawan rana da zafi. Tumatir yakan zubar da fure idan zafin yini ya zarce digiri 32 zuwa 35, shi ya sa yake tsada daga bazara zuwa damina. Abin da ke taimaka wa mai rumfar noma a irin wannan yanayi shi ne ragar inuwa da hanyar shigar iska, sannan da hunturu a riƙa wanke ƙurar da ke kwanciya a kan leda.

Inda fitila ke da amfani

Wannan ba ya nufin cewa fitila ba ta da gurbi a noman arewa. Akwai wurare ƙalilan da ɗan haske ke biyan kuɗinsa.

Na farko shi ne ɗakin bincike. A shekarar 2018 masana daga jami'ar Queensland ta Ostireliya da cibiyar John Innes ta Ingila sun nuna cewa idan aka haska alkama na sa'o'i 22 a rana, ana iya shuka ta a girbe har sau shida a shekara, maimakon sau biyu ko uku. Manufar ita ce rage shekarun da ake ɗauka kafin a fitar da sabon iri, wanda a bisa al'ada yakan kai shekaru goma. Ƙaramin ɗaki guda a cibiya irin ta binciken tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ke da alhakin inganta alkama da gero a Najeriya, zai iya amfanar dubban manoman da ba su taɓa ganin fitilar ba.

Na biyu shi ne kiwon kaji. Kazar gidan gona mai yin ƙwai tana buƙatar haske na sa'o'i 14 zuwa 16 a rana domin ta ci gaba da yi yadda ya kamata. Tun da yinin Jigawa bai kai sa'o'i 13 ba, ƙarin sa'o'i biyu ko uku da asuba ko da magariba yana da tasiri. Ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana ta wadatar, muddin an rataye ta yadda haskenta zai kai ga mazubin abinci da na ruwa ba tare da barin lungu mai duhu ba.

Na uku shi ne tarkon ƙwari. A shekarar 2016 ƙwaron Tuta absoluta, wanda manoma ke kira sharon, ya yi wa gonakin tumatir na Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna mummunar ɓarna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Uwar ƙwaron tana yawo ne da dare kuma haske na jan ta. Fitila a kan tasa mai ruwa da ɗan sabulu tana kama ta, tana kuma sanar da manomi cewa ƙwaron ya iso kafin ɓarna ta bayyana, ko da yake tarkon shi kaɗai ba ya kawar da annobar.

Akwai kuma gargaɗi ga masu dasa fitilun titi. Bincike a Japan ya nuna cewa shinkafar da ke kusa da fitilun hanya tana jinkirin fitar da kai, an kuma ga irin haka a waken soya a Amurka. Yayin da fitilu masu aiki da hasken rana ke yaɗuwa a garuruwan Jigawa, yana da kyau a karkatar da fuskarsu ga hanya, a kauce wa haska gonakin maiwa da kanannado da zoɓo, waɗanda ke dogaro da duhun dare wajen sanin lokacinsu.

Rabon haske a gona

Matsalar da manomin Holan ke warwarewa da sandunan LED, wato ganyen sama ya hana na ƙasa haske, tsohuwar matsala ce a gonar Bahaushe. Duk wanda ya shuka wake a ƙarƙashin gero ko dawa ya san cewa waken ba ya sakewa sai an girbe geron an kwantar da kara. Tsarin gicci da tazarar da ake bari tsakanin kunyoyi duk dabaru ne na raba haske.

Masanan cibiyar IITA a Kano sun gina a kan wannan ilimi, inda suka yaɗa tsarin shuka layi biyu na hatsi da layi huɗu na wake. A wannan tsari waken yana samun rana kai tsaye a tsakiyar filinsa, yawan ƙwayarsa da harawarsa kuma yana ƙaruwa idan aka kwatanta da wanda aka cusa a ƙarƙashin hatsi.

Itacen gawo ma misali ne. Yana zubar da ganyensa da damina, daidai lokacin da gero ke buƙatar rana, sannan ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. A yankunan Maraɗi da Damagaram na jamhuriyar Nijar, manoma sun farfaɗo da miliyoyin hekta na gonaki tun daga shekarun 1980 ta hanyar barin gawo da sauran itatuwa su tofo, suna sassabe rassansu don kada su yi wa shuka inuwa.

A halin da ake ciki, abubuwan da ke hana manomin kwarin Hadejia cin moriyar ranar da yake samu su ne ruwa da taki da iri. Ambaliya irin ta shekarun 2020 da 2022 ta cinye gonaki masu yawa a yankin, ciyawar kacala na toshe hanyoyin ruwa, farashin taki da na man injin ban-ruwa kuma ya yi tashin gwauron zabo. Ga mai ɗan jari a Kaugama ko Malam Madori ko Auyo, farantin da ke tara hasken rana zai fi kawo riba idan aka haɗa shi da injin ɗaga ruwa zuwa gona, fiye da a haɗa shi da fitilar da za ta haska ganyen da ya riga ya yini a rana.